Abednego Kumai, Kafintan da Yake Hure Ƙura da Baki

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira Abednego Kumai, kafintan silin a Kafanchan, yana da shekara sittin da bakwai. Ni ne Yafet, wanda ya yi shekara ashirin da takwas yana riƙe masa ɗaya gefen fallen silin in zai yanka. Ciwon huhu ne ya ɗauke shi. Wata takwas ya yi yana roƙona in je a duba nawa ƙirjin, ni kuwa tsoro ya hana ni.

Abednego, Baban Ƙauna, yau da kai nake magana. Daga Madakiya zuwa Samaru Kataf, majami'u nawa da azuzuwan makaranta nawa muka rufe da silin asbestos, wannan falle mai kama da siminti? Ban san adadinsu ba. Abin da na sani shi ne ba ka taɓa yanka layi a karkace ba. Sai ka ja fensir, ka ɗora zarto, ƙura ta rufe layin, ka sunkuya ka hure ta da baki, fuu! Ina gabanka, duk a fuskata take sauka. In na yi tsaki, sai ka ce, "Yafet, hoda ce nake shafa maka, ko matarka Emilia za ta ga ka yi kyau." Kai, mutumin nan, ka iya tsokana!

Haka muke komawa gida fari fat, kamar waɗanda suka fito daga injin niƙa. Matarka Mama Hulda takan ce ta auri saurayi, ga shi kullum tsoho ake dawo mata da shi. Muna da maganinmu kuma: gwangwanin madara ɗaya, mu huda, mu raba biyu, wai tana wanke ƙura daga ƙirji. Duk kafintocin garin nan sun yarda da haka. Kai har shayin citta kake ƙarawa, kana cewa cittar Kachia ba ta barin datti a jikin mutum.

Alherinka ba ya ɓoyuwa. Shekarar da iska ta yaye rufin shagon Malam Mijinyawa mai hatsi, kai ka fara hawa sama, tun bai gama salati ba. A ƙungiyar mawaƙan majami'a kuwa, muryarka ce take riƙe maza, ko da yake rabin baitocin kai kake ƙirƙirar abinka.

Waƙar ce ta fara nuna mana akwai matsala. Numfashi ya daina kai ka ƙarshen baiti. Aka yi maganin asma, aka yi na tarin fuka, shiru. Sai a Jos wata likita ta tambaye ka aikin da ka yi. Ta ce ƙurar asbestos tana da siraran zare da ido ba ya gani, suna maƙalewa a huhu, su yi shekara ashirin ko talatin kafin ciwo ya fito, kuma babu madarar da take fitar da su. Da ka dawo, ka bi shagunan kafintoci ɗaya bayan ɗaya, kana haki, kana cewa kada a fasa tsohon silin a bushe, a jiƙa shi, a rufe hanci da takunkumi na gaske.

Amma ni ne damuwarka. Ranar da na zo gaishe ka, ka kama hannuna ka ce, "Baban Azariya, ƙuran nan, a fuskanka na hura shi. Ka je a duba ka, in samu kwanciyan rai." Na ce sai bayan girbi. Girbi ya wuce, na ce sai bayan Kirsimeti. Gaskiya ita ce tsoro nake ji, kuma na yi kuskure da na bar ka da wannan nauyi.

Mama Hulda, Ƙauna, Tagwai, da dukan iyalin Kumai, sannunku. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya share muku hawaye. Ya yi wa bawansa jinƙai, ya ba shi hutawa a wurin da babu haki.

Abednego, kwana biyu bayan mun binne ka, na shiga motar Jos. An ɗauki hoton ƙirjina. Likita ta ce akwai ɗan tabo, amma ba ta ga mugun ciwo ba, in riƙa zuwa kowace shekara, in kawo matanmu da suka riƙa kakkaɓe tufafin aikinmu. Zan kai su. Da na fito, na ciro waya zan gaya maka, har na danna lambarka.

Ban taɓa riƙe ka da laifi ba, aboki. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Ka huta.