Gishirin Mai Sikeli

Shekara talatin ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Dije. Lokacin zafi ne, sa'ad da ɗanyen dabino ke nuna a gonakin Madina, iskar da ke tasowa daga baƙaƙen duwatsun Harra ta Gabas tana dukan fuska kamar an buɗe tanderu. Shekarar ta zo mana da nauyi. Mahaifiyata na jinya, ni ina goye da ɗana Majidu, tsohuwa kuma tana kwance a tabarma, ta ƙi gado, ta ƙi asibiti. Da nas ta zo gida da ɗan sikelinta don ta gwada yawan ramar da ta yi, sai ta juya fuska bango. Ta ce sau ɗaya aka taɓa auna ta a duniya, kuma ya isa.

Ban taɓa nufin in kai maganar gidanmu jarida ba. Da girmana na koyi riƙe biro, kuma ni ba mai son hayaniya ba ce. Majidu ne ya tono abin da muka binne.

Kakata fara ce sol, idonta kamar na mage. Mutanen unguwa kan ce mata Baturiya, ita kuwa ba ta taɓa amsawa ba, ko da mai kiran alheri ya kawo. Ubanta Bajamushe ne, ɗan kasuwa, wanda ya zauna a Garwa, bakin kogin Binuwai, zamanin da Jamusawa ke riƙe da ƙasar. Yana sayen ƙaro da fatu, yana sayar da gishiri da yadi. Hausawan garin suna ce masa Mai Sikeli. Uwarta, Hurera, bazawara ce mai dafa wa 'yan dakonsa abinci. Ya ajiye ta a gidansa, ba waliyyi, ba sadaki, har ta haihu.

Da yaƙi ya matso, Ingilishi suka doso garin, ya fara ɗaure kaya. Hurera ta zo da jaririya ta tsaya a bakin kanti, ta tambaye shi yadda za ta yi. Ya karɓi yarinyar, ya ɗora ta a sikelin da yake auna ƙaro, ya riƙa zuba gishiri a ɗaya gefen har suka daidaita. 'Yan dako na kallo, wasu na dariya. Ya juye gishirin a buhu, ya tura mata da ƙafa, ya ce sun rabu ke nan. Ya tafi da sikelinsa da karensa. Hurera ta ɗauki buhun a ka, 'yarta a baya, ta je ta zazzage shi cikin Binuwai.

Shi ya sa a gidanmu ba a karɓar kyautar gishiri. Ko a kayan aure, ko a na barka, ko ɗan tsunkule daga maƙwabciya in miya ta yi lami. Namu mukan saya. Ranar da dangin mijina suka kawo kaya da buhun gishiri a ciki, yadda ake yi a can gida, kakata ta dogara sanda ta zauna a bakin ƙofa, ta ce ba mai shiga sai an mayar da shi mota. Na yi kuka don kunya. A ranar ta ba ni labarin, sau ɗaya, ba ta kuma ba.

Da ƙafa ta zo ƙasar nan, ta Sudan, tana jan mahaifiyata a hannu. Ta yi wankau, ta sayar da ƙosai a gindin Uhudu. Da aka zo yi musu takardu, ma'aikaci ya nemi sunan ubanta, ta ce ya rubuta Abdullahi, sunan da ake ba wanda ba shi da uban nunawa. Laƙabinmu kuwa Hausawi, kamar na dubban 'yan uwanmu a nan.

To, yau ga Majidu, yana da shagon gahawa a unguwar Anbariyya. Ya daɗe yana bin sawun mutumin nan ta waya, ban hana shi ba. Ya gano garinsu, da kamfanin da ya yi wa aiki. Ya gano cewa ya koma gida lafiya, ya yi aure a coci, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa, ya mutu a kan gadonsa. Ya samo hotonsa, ga gashin baki, ga hular rana, ga karen a gefe. Har ya samo wata mata cikin zuriyarsa, suka yi magana ta bidiyo ina zaune. Mai fara'a ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce kakansu na ƙaunar Afirka ƙwarai. Ta juya wayar ta nuna mana falonta, sai ga sikelin a kan wani teburi, an goge shi yana ƙyalli, an zuba furanni a cikin farantin da aka kwantar da kakata. Na ce Majidu ya tambaye ta ko ya taɓa ambaton wata 'ya. Ta ce ba ta taɓa ji ba.

Me Hajiya Dije za ta ce in ta ga wannan? Bango za ta juya wa fuska.

Makon jiya matar Majidu ta haihu, mace. Bayan la'asar ya zo ya zauna kusa da ni, yana magana da Larabci kamar kullum, ni ina mayar masa da Hausa. Ya ce ya ba da aikin sabon allon shago, za a rubuta Al-Almani, wato Bajamushe, kuma zai nemi a sauya laƙabin a takardunsa, don yarinyar ta tashi da shi.

“Ya Ummi, ai jininmu ne. Ƙarya na yi?”

Na ce, “Ba ka yi ƙarya ba. Shi ya ce kai jininsa ne?”

“Halas, ya mutu, an wuce wurin! Ni aka yi ta kira Takaruni a makaranta, ba ke ba. Ba na so 'yata ta sha abin da na sha.”

Na san ya sha. Ni na riƙa share masa hawaye in ya dawo. Ban raina ciwonsa ba, kuma masu yi wa yaranmu gorin baƙar fata a birnin Manzo, Allah na ganinsu. Amma mai gorin nan aƙalla ya san da kai. Wancan fa? Ya san nauyin 'yarsa, bai tambayi sunanta ba. An ce mini zamani ne, haka Turawa suke yi a lokacin. Zamani bai hana shi tuna karensa ba.

Na duba abin da ya bar mana, na ga hasken fata da launin ido, su ma suna ta dushewa daga haihuwa zuwa haihuwa. Na duba abin da Hajiya Dije ta bari, na ga gidan da muke ciki, da sallar da muke yi, da Hausar da nake rubuta wannan da ita, da kabarinta a Baƙi'a. Sunan wa ya kamata a ɗora a saman ƙofa? Ban ɗaga murya ba. Na ce masa ya gaida mai jego.

Washegari da safe na je kantin unguwa. Na sa aka auna mini gishiri daidai nauyin da asibiti suka rubuta wa jaririyar. Na naɗe shi a tsohon zanen goyon Majidu, na shiga tasi zuwa gidansa. Na same shi a falo yana rungume da ita. Na karɓe ta, na ɗora masa ƙunshin a hannu, ya tallabe shi kafin ya gane ko mene ne.

Na ce, “Ga rabon zuriyar Al-Almani, haka ubansu ya yanke. Riƙe naka. Wannan ta Hajiya Dije ce.”

Na zauna da jikata a cinya, na bar shi tsaye da gishirin.