Sawun Burushi a Cikin Waya

Mai Burushi ake ce masa, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Tun yana saurayi yake zana allunan shaguna. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin mai walda da mai gyaran fanka, daɓen duk ɗigon fenti, gwangwanaye jere a kan kanta, iska na warin kananzir ɗin wanke burushi. Mai aski ya zo, ya zana masa kawuna da aski kala-kala. Mai kifi ya zo, ya yi masa kifin da kai ka ce yanzu aka tsamo shi. Da injin buga hotuna a leda ya shigo gari ciniki ya ja baya, amma bai rufe ba.

Ciwo ne ya rufe shagon. Wata safiya yana dama shuɗi, burushi ya suɓuce, ya sunkuya zai ɗauka hannu ya ƙi. Shanyewar ɓarin jiki, in ji asibiti. A hankali magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun dama kuwa ya zama kamar na aro.

Likitar motsa gaɓoɓi ta ce yatsun aiki suke so, ko da gem ne a waya. Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta cika masa waya da su: tseren mota, harbe-harbe, da wani na alewa mai fashewa. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya kife wayar a kan tabarma.

"Auta, wa ya haɗa wa mutanen nan kala? Dubi koren nan, sai ka ce bokitin roba."

"Baba, magani ne fa, ba ado ba."

"To maganin jiri yake sa ni."

Washegari ta nuna masa manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake yi wa magana ta amsa. Ta ce ya faɗa mata irin gem ɗin da yake so. Ya ce shi ko sunan ɗaya bai sani ba. Ta ce ba suna ake nema ba, kwatance zai yi, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Sai da ɗakin ya yi shiru ya kawo wayar kusa da baki, yana jin kunyar kansa. Ya ce yana son wasa mai kyan gani. Manhajar ta jero masa wasu masu kama da hoton kyamara, har gumin fuskar mutum ana gani. Ya yi tsaki.

"In irin wannan nake so ai sai in leƙa taga. Zane nake nema, wanda hannu ya yi."

Ta tambaye shi wane iri: fenti mai kauri, ko na ruwa da ke malala a takarda? Launuka masu zafi, ko masu sanyi? Layi tsaf-tsaf, ko wanda ya ɗan karkace?

Tun da aka sallamo shi, duk wanda ya shigo tambaya ɗaya yake yi, ya jiki. Yau ne aka fara tambayarsa abin da ya shafi sana'arsa. Ya gyara zama ya shiga bayani: fentin ruwa, shuɗin da ya ɗan sha toka, rawaya irin ta fitilar ƙwai, ba gudu, ba kisa. Matarsa ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu.

"Da wa kake ta zuba haka?"

"Da wanda ya san bambancin shuɗi da shuɗi."

"Allah ya bar ku tare," in ji ta.

Ba a dace nan take ba. Wani gem ɗin da manhajar ta ambata ya fi ƙarfin wayarsa, wani kuma Auta ta nema sama da ƙasa babu shi, da alama manhajar ta ruɗe ne. Sai daga baya suka faɗa kan wanda ya zauna masa: wata mata a kwalekwale tana kai fitilu ƙauyukan bakin kogi. Yatsa ake ja a kan gilashi, kwalekwalen ya bi.

Maganar gaskiya, bai iya wasan ba. Sau da yawa sai ya saki kwalekwalen ya yi ta yawo, shi yana kallon sararin sama. A nan ya ga inda burushi ya bushe ya bar zara-zaran layi, ya ga inda aka yi kuskure a gefen wani dutse aka rufe da ganye. Shi ma haka yake yi in harafi ya karkace masa, sai ya dasa fure a wurin. Ya tambayi manhajar ko mutum ne ya zana, ko inji irinta. Ta ce iya saninta wasu mutane ƙalilan ne suka zana a takarda aka ɗora a kwamfuta, amma ya duba sunayen da ke ƙarshen wasan don ya tabbatar.

Abin ya daɗe yana yi masa yawo a rai. Inji ne ya janye masa masu ciniki, ga shi inji ya kai shi ƙofar wani mai zane da ba za su taɓa haɗuwa ba, wanda bai san yarensa ba amma ya san hannunsa. Bai yanke hukunci a kan lamarin ba. Ya dai ci gaba da jan yatsa.

Hannun bai koma yadda yake ba. Yana riƙe cokali, yana ɓalla maɓallin riga, amma layi madaidaici ya gagara, shagon ma wani tela ya karɓa. Ranar da aka kwashe gwangwanayen, abinci ma kaɗan ya taɓa. Da la'asar matarsa ta zo ta zauna kusa da shi da ƙwaryar zarenta, don ita mai saƙa ce.

"Wai abokin nan naka," ta ce, "zai iya samo wasan da aka yi da zare? Kamar saƙa?"

Ya dube ta. "Ke ma?"

"Tambaya na yi."

Ya miƙa mata wayar. "To ki yi masa bayani da kyau. Kada ki ce mai kyau kawai, shirme zai kawo miki. Wane irin zare?"

Ta ajiye ƙwaryar, ta share murya, ta fara da ulu.