Illo Mai Kallon Sama

Duk wanda ya san Illo mai hoto a Bouza ya san bai taɓa duba inda zai sa ƙafa ba. Kai a sama, na'urar hoto rataye a wuya, yana tafe yana tuntuɓe da turken awaki. Tsuntsu yake nema, kuma mai tashi. In ka nuna masa wanda ya sauka bisa reshe, sai ya taɓe baki ya ce, "Wanga ya gama magana."

Ni ke kai shi a moto, wato babur, ni kuwa kun san ni, ko ƙadangare ya motsa sai gabana ya faɗi. Matarsa Rabi ce ta ƙara mini ciwon. Duk ranar da za mu fita sai ta tsaya bakin zaure ta ce, "Sani, kai kaɗ ɗauke shi, kai za ka maido min shi." Maganar nan ta fi Illo nauyi a bayan moto.

Wata rana a hanyar Karofane shamuwa suka gitta ta kanmu. Ban ankara ba, mutumin ya miƙe tsaye, hannu biyu a kan na'ura, mu kuwa muna tsakiyar rairayi. Muka kife. Na tashi ina lalubar ƙasusuwansa, shi yana hure ƙasa daga gilashin na'ura. Da ya gama ya dube ni ya ce na faɗi da wuri.

Sai ranar ungulu. Ya kwanta bayan mahauta, ya lulluɓa da ɗanyar fata don su sauko ta fuskarsa. Suka sauko kuwa, suka kewaye shi. Rana ta take, Illo ko motsi. Ina daga gindin aduwa har na fara shirya abin da zan gaya wa Rabi. Da ɗaya ta kai baki ga fatar, na kwasa da gudu ina salati ina kuka, suka watse sama, sai na ji na'ura ƙyas! ƙyas!

"Tashin ga nika jira," in ji shi. "Gobe ma ka yi kukan, amma ka ɗan jinkirta."

Wadda ba na son tunawa ita ce ta dutsen wajen Keita. Wai kowa cikin shaho kawai ya sani in yana shawagi, ba wanda ya taɓa ganin bayansa, don haka sai ya bi ta bisa. Rowa ta hana shi sayen igiya, ya aro tsohuwar igiyar guga ya ɗaura a ƙugu, ya ba ni bakinta, ya zura kansa a gefen dutse. Wallahi ina jin zarenta na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa daga ƙasa cewa yake, "Sassauta kaɗan!" Na rufe ido na janyo shi kamar buhun gero. Wutsiya kawai ya samu a hoton, kuma har Juma'a bai amsa gaisuwata ba.

Ashe ba dutse ne zai ɗauke shi ba. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ni na kai shi likita a Madaoua, na ɗaure shi a bayana da rawani don ba ya iya riƙe ni. Rabi ta tsaya bakin zaure, ranar ba ta ce komai ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na shirun nan ba. A hanya ya ce in dakata. Shamuwa ne. Ba na'ura a wuyansa, ya bi su da ido har suka ɓace.

A mota na dawo da shi, a lulluɓe. Na tsaya ƙofar gida. Rabi ce ta fara magana.

"Ka maido shi, Sani. Allah shi biya ka."

Allah ya jiƙan Illo, ya yafe masa, ya sa sama ya tafi kamar yadda kullum yake kallo. Amin.