Karofin Malam Halliru da Kwalaben Jabel

Lokacin da Malam Halliru yake yaro, karofi talatin da ɗaya ne a marinar unguwarsu a Garwa. Zuwa 1994 saura guda, nasa. Atamfar kanti ta rufe sauran.

Kakansa ne ya zo fatauci daga Kano, ya zauna, ya haƙa ramin, zurfinsa gaba biyu da rabi. Haɗin bai taɓa canzawa ba: kwando huɗu na busasshen ganyen baba, uku na toka, sai ƙwarya ɗaya ta tsohon ruwan rini, wadda ake ɗiba kafin a kwashe ramin, a zuba wa sabon haɗi don ya tashi. Ita Halliru yake kira uwa. Shekara sittin ba ta yanke ba.

Ranar da aka aiko masa yayansa ya rasu a Ngawundere, haɗin yana kwana biyar. Ya miƙa wa maƙwabcinsa Mahmudu mahauci muciya.

"Ɗari da safe, ɗari da yamma. Motsawa kawai."

Bayan kwana huɗu ya dawo. Tun daga bakin lungu ya ja ya tsaya. Babu warin marina, wannan mai korar baƙi. Warin asibiti ya ji.

Ya leƙa ramin. Kumfar nan mai sheƙi babu ita, ruwan ya koɗe kamar na wankin shinkafa. Ya tsoma yatsa, ya ɗaga, ya ƙirga ashirin. Ko alamar shuɗi.

"Mahmudu! Me ka yi?"

"Gyara, Malam. Abin ya ruɓe har da kumfa. Na yaɗe ta kamar ta romo, na zuba jabel kwalba uku, yadda muke wanke mayanka."

"Jabel? Mai cire launi? A cikin rini?"

"To, warin fa..."

"Warin shi ne ransa, ɗan fawa! Innalillahi!"

Halliru ya zauna daɓas a ƙasa. Ba asarar baba ce ta dame shi ba, baba na nan bakin kogin Binuwai. Uwar ce ta mutu, a hannunsa.

Mahmudu ya cire hula yana murzawa. Halliru ya ƙura mata ido.

"Wannan hular ba fara ba ce ran da na tafi?"

Mahauci ya sunkuyar da kai. "Bokiti ɗaya na ɗiba tun ranar farko, Malam, kafin jabel, don in gwada rina ta. A yafe mini. Yana bayan ɗakina, ko kaji ba sa zuwa wurin."

Halliru, dattijo mai shekara hamsin da takwas, ya ruga ba takalmi. Ya tarar da bokitin, ya durƙusa ya shaƙi warin. Uwar na nan da rai.

Bokiti ɗari da casa'in ya kwashe daga ramin, ya wanke shi sau bakwai, ya sake haɗi, ya juye uwar daga bokitin Mahmudu. A kwana na tara kumfa ta taso.

Mahmudu bai ƙara taɓa muciya ba. Hular kuwa Halliru ya karɓe ta ya sake rinawa, wai ta yi dabbare-dabbare, za ta ɓata wa marinar suna.