Hotunan da Inna Take Sharewa

Mahaifiyata Hasiya ba ta taɓa kiran sunan yayana Nasiru ba, ko sau ɗaya ban ji da kunnena ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a ƙauyensu can bayan Tahoua mace ba ta ambaton ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tsura masa ido a gaban mutane. Idan ya zama dole sai ta ce "wancan" ko "yayanku". Tana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, bai dawo hannunta ba sai da ya shekara tara, lokacin da mahaifinmu ya samu aikin tuƙi a Yamai ya ce a kawo shi ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Mu huɗun da muka biyo baya mun sha goyo, mun sha zagi, mun sha tsokana. Shi kuwa ko tuwonsa ta hannun wani ake miƙa masa.

Shekara talatin ke nan Inna tana sayar da kayan miya a gefen kasuwar Petit Marché, daddawa da kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa. Zabarmancinta na kasuwa ne, ya ishe ta ciniki, ya ishe ta faɗa. Tun rasuwar mahaifinmu ni da ita muke zaune a unguwar Dar es Salam. Ni ce autarta, Ramlatu, sakatariya a wata makaranta mai zaman kanta. Ina da son tsari har ya yi yawa, ga saurin fushi, kuma ita na gada duk da ba ta yarda.

Shekara bakwai da suka wuce Nasiru ya tafi arewa haƙar zinariya, daga can ya ƙetara Libiya. Lambarsa ba ta zama wuri ɗaya. Sai mu yi wata biyar ba labari, kwatsam baƙuwar lamba ta turo mini hoto biyu ko uku da gajeren saƙon murya. Inna ba ta taɓa tambayata ko ya kira ba. Amma duk ranar da na ce mata ya gaishe ta, miyar ranar sai ta yi gishiri.

Hotunan gidanmu ni nake riƙe da su. Ban yarda da ajiya a intanet ba tun da na manta kalmar sirri na rasa hotunan sunan ɗan yayata gaba ɗaya, ga forfe, wato kuɗin intanet, da ba ya kai ƙarshen wata. Saboda haka na yi wa kaina tsari. Asalin komai yana cikin tsohuwar kwamfutata, hotunan kowa a dosiyensa daban. Duk Lahadi bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in jona wayata da kabul in kwashe sababbin hotuna, sannan in jona ta Inna in zuba mata abin da babu. Wayarta ba ta taɓa ganin intanet ba, kira ne da kallon jikoki. Burina kawai na'urorin uku su zama daidai, abin da ke nan yana can.

Dosiye ɗaya ne ya ƙi zama daidai. Duk Lahadin duniya in na buɗe na Nasiru a wayarta sai in tarar da shi wayam. Inna ba ta karatu, amma alamar kwandon shara ta san ta kamar ta haife ta. Hotunan jikoki suna nan, na biki suna nan, har na wata akuya da ban san ta waye ba. Nasa kaɗai take sharewa.

Na san dalili, ko na ɗauka na sani. Kusa da teburinta akwai Kadi, wata Bazabarma mai sayar da tumatir, wadda ba ta da aiki sai karɓar wayar mutane tana jan hotuna da yatsa. Ranar farko da ta ci karo da hoton Nasiru ta ɗaga wayar sama ta ce da matan layi da gurguwar Hausarta: "Ku zo ku gani, Hasiya ya ɓoye ɗan fari cikin portabul." Aka yi ta dariya. Inna ta dawo gida fuska a murtuke, ko abinci ba ta ci ba.

Ni kuma taurin kai ya hana ni bari. Tana sharewa ina mayarwa, hoto sittin da uku, kuma sai na buɗe kowanne na tabbata ya shiga lafiya. Ita tana gefena tana tsinkar zogale, kanta a sunkuye. Ina yi ina mita.

"Inna, in ba ki so ki ce ba ki so. Kina wahalar da ni."

"Wa ya aike ki?" in ji ta. "Ki yi aikinki ki tashi mini daga tabarma."

A raina ina jin haushinta ƙwarai. Ina ganin mutum yana can cikin rana da yashi, ba mu san ci ba ba mu san sha ba, uwarsa kuma ko hotonsa ba za ta bari ya kwana bakwai a wayarta ba.

Bara da damina wani abokin aikina ya nuna mini wata manhaja mai haɗa na'urori ba tare da intanet ba. In dai suna kusa kuma an kunna wifi na waya, da kansu suke daidaita juna. Na ji daɗi, na ce na huta da kabul. Na saka ta a kwamfuta da wayoyin biyu. Lahadin farko komai ya tafi sumul, ko tabarma ban shimfiɗa ba. Ina wanki na leƙa na ga hotuna sun shiga, na miƙa wa Inna wayarta. Ta dube ni ta dubi inda muke zama, ta ce: "Har an gama?" Na ce an gama. Ta ɗauki tiren zogalenta ta shiga ɗaki.

Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne manhajar ba ta da babba ba ta da ƙarami. Ba ta san kwamfuta ce uwa ba. Abin da aka ƙara a ɗaya ta ƙara wa sauran, abin da aka share a ɗaya ta share a sauran. Akwai wurin da ake latsawa don ta riƙa ajiye abin da aka goge, ban latsa ba. Inna ta yi shararta kamar yadda ta saba. Lahadi ta biyu na kunna wifi na tafi ɗora tukunya. Da na dawo, dosiyen Nasiru babu komai a wayarta, babu a tawa, babu a kwamfuta. Na duba kwandon shara, wayam. Saƙonnin da ya turo su a ciki kuwa na daɗe da gogewa don waya ta samu wuri, kuma sau biyu ina sauya waya. Rabonmu da jin muryarsa a lokacin wata takwas, lambarsa ta ƙarshe ba ta shiga.

Na fito tsakar gida. Abin da na faɗa mata ba zan maimaita shi duka ba, don har yau ina jin kunyarsa.

"To Inna, hankalinki ya kwanta. Kin share shi ko'ina. Ko guda bai rage ba."

Tana wanke shinkafa. Ta tsaya, hannunta cikin ruwa.

"Ki maido su daga akwatin naki mana." Haka take kiran kwamfutar.

"Babu a akwatin. Kin share a taki, shi ma ya share."

"Naki ba shi sharuwa," ta ce. "Shekara nawa ina yi, kullum shina nan."

Na ce mata yanzu ya sharu. Ta cire hannunta daga ruwan ta goge a zane, ta daɗe tana gogewa bayan ya bushe. Sannan ta yi magana a hankali, ba ta dube ni ba.

"Ni aro nike yi, Ramlatu. Ki kawo Lahadi, in duba in na shiga ɗaki, Litinin kahin in tahi kasuwa in share. Na san suna wurinki. Da kike buɗe su guda guda bisa tabarma, sun hi girma. A akwatin nike ganin idonshi da kyau."

Na zauna a ƙasa. Shekara da shekaru ina zaune kusa da matar nan ina yi mata mita, ashe zogalen da take tsinka dalili ne kawai. Na ji tausayinta, na ji haushin kaina, na ji kewar yayana ta taso mini gaba ɗaya. Ita ba ta yi kuka ba. Ta koma kan shinkafarta, ta wanke ta har sau biyar.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na kai kwamfutar wurin Mumuni, wani dattijo mai gyara da ke da rumfa a bakin titi. Ya saurare ni, ya girgiza kai, ya ce in bar ta kwana uku. Da na koma ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma wurin da hotunan suka bari wasu abubuwa sun hau kai. Guda ɗaya ya samo, shi ma ba cikakke ba. "Kala suru, Madam," in ji shi, wato sai haƙuri.

Kwana ukun nan Inna ta je kasuwa ta dawo kamar kullum. Ba ta tambaye ni komai ba. Sai dai na lura duk sanda na shigo gida hannuna take fara dubawa.

Ranar da na karɓo, na shimfiɗa tabarma duk da ba Lahadi ba ce. Na buɗe hoton. Sama akwai bangon bulo marar fenti, da ƙusa, da wata riga shuɗiya a rataye. Ƙasa kaɗan akwai hular sanyi da rabin goshi. Daga nan har ƙasa toka-toka ne kawai, kamar an shafe da siminti. Na ce: "Inna, abin da aka samu ke nan. Ba fuska."

Ta matso. Wannan karon babu tire a hannunta. Ta zauna har kafaɗarta tana taɓa tawa, ta dubi allon kai tsaye.

"Wanga na shekara ta huɗu da tahiyarshi ne," ta ce. "Da ya yi ciwo ya tashi. Nan ƙasa shina dariya, amma ta dole ce, don kar mu damu. Haƙorinshi na gehe ya karye. Hannun dama shina riƙe da kohin shayi, na hagu ya ɓoye shi baya, ban san mi ya same shi ba."

Tana faɗa tana bin tokar da yatsa, tana nuna inda kowane abu yake. Ni da na buɗe hoton nan ya fi sau ɗari, ban taɓa lura da hannun ba.

Ta zaro wayarta daga bakin zane ta miƙo mini.

"Sa mini shi. Da kabul, ba da wancan abin ba."

Na jona na saka. Na ce mata: "Litinin in kin share, ki faɗa mini in mayar."

Ta karɓi wayar ta duba hular da rabin goshin, ta daɗe.

"Wanga ba ni share shi," ta ce. "Ko Kadi ta gani, ba ta sanin ko wane ne. Ni ɗai na sani."