Kamiyon da Ya Cinye Ƙarshen Tatsuniyar Kaka

Gidanmu na Filinge bakin gudro yake, wato titin kwalta, kuma daidai ƙofarmu aka yi tudun nan na rage gudun motoci. Kowane direba sai ya taka birki, ya danna oda, sannan ya tashi da ruri kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Kai, mun ga ta kanmu!

Kakata Hajo ta zo daga ƙauyenmu na Kurfai don jinyar ƙirji, muryarta ta riga ta dushe. Bayan magariba sai mu kewaye ta a bakin murhu. Tana da doka guda mai ban haushi: in aka katse mata tatsuniya, daga farko take komawa.

"Ni ba ni ɗinkin tatsuniya," in ji ta. "In ta yage, sai sabuwa."

Akwai wadda na ƙwallafa rai a kanta. Wani gari ne mai yawan hayaniya, kullum hadari ya taso sai ya wuce su, gero na ƙonewa. Aka aiki wata tsohuwa ta hau tudu ta tambaye shi dalili. Hadari ya ce ta matso, a kunne zai faɗa mata.

Nan Kaka ke sassauta murya, mu miƙa wuya. Nan kuma, wallahi kamar da gayya, kamiyon shanu, babbar motar nan, zai kunno kai, bango na rawa, akuyarmu na tsinke igiya. Bakinta na motsi, ba ma jin komai.

"Kaka, mi hadarin ya ce?"

"Na hwaɗi. Ku tambayi mai mota, shi ya ji."

Na yi magiya, na yi kuka, har goro na ɓare mata. Ta sake ɗaukowa daga farko, tari ya sarƙe ta tun tsohuwar ba ta hau tudu ba. Kafin lokacin girbi ya yi, Allah ya karɓi abarsa.

Yau ni ke zaune a gidan. Ga 'yan kabu-kabu sun ƙaru, mai jego ba ta barci, gaisuwa ma da ihu muke yi. Sai yanzu na gane garin cikin tatsuniyar namu ne.

Jiya na ba ɗiyata Rabi ita, na kai inda hadari ya ce a matso, na yi shiru.

"Baba, sai aka yi yaya?"

Na ce, "Sai mota ta wuce."