Inda Taɓarya Ta Yi Shiru

Ranar Talata, a asibitin da nake koyon aiki a Damagaram, lokotoro, wato likita, ya soka siririyar allura a damtsen wani dattijo, na'ura ta fara ƙas-ƙas-ƙas. Ya ce mana haka jijiya ke aika saƙo, da ɗan bugun lantarki, kowane daidai da ɗan'uwansa. Idan abu ya tsananta, bugun ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya ƙara sauri. Labarin yana cikin tazarar.

Ban rubuta ba. Na riga na ji wannan a Dakusa, wurin kakata.

Ba ta leƙa gidan kowa. Tana zaune a tabarma tana kaɗi, kunnenta na kan turamen unguwa. Takan ce, "Taɓarya murya ɗaya gare ta, ke dai saurari inda ta yi shiru."

Wata rana da hantsi, na je hutu, ƙamshin jiƙaƙƙen gero na tsallako katanga daga gidan maƙwabciyarmu Hajo, mai tsohon ciki. Taɓaryarta ta yi bugu huɗu, sai shiru. Bugu uku, sai shiru mai tsawo. Kaka ta ajiye mazari.

"Miƙo mini mayafi, ƴar nan. Naƙuda ce."

"Kaka, saura mata wata guda fa."

"Ke ƙirga wata. Ni taɓarya na ƙirga."

Muka tarar da Hajo durƙushe, ta rungume turmi, gidan ba kowa. Kaka ce ta yanke cibiya.

Yanzu ita ma ta yi shiru. Allah Ya jiƙan ta, Ya ji shirunta yadda ta ji na mutane.